"An soke" ba "an ɗage" ba ne, mu daina haɗa su

Kalmar soke tana cikin kalmomin da suka fi yawo a wayoyinmu 'yan shekarun nan, ka buɗe Facebook da safe an soke kaza, ka leƙa guruf ɗin WhatsApp na unguwa an soke kaza, ka zauna wajen mai shayi a Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal a garin Bauchi nan ma hirar kenan, har ta kai mutum baya ma tsayawa ya tambaya wa ya soke, me aka soke, kuma wai da gaske sokewar aka yi ko dai matsar da abin aka yi gaba. Ni kam abin yana damuna sosai, don kalmar nan ba ta wasa ba ce, in ta faɗa kan takardar filinka ko lasisin bankin da kuɗinka ke ciki ko ƙuri'ar da ka sha rana ka kaɗa, to rayuwarka ce aka taɓa kai tsaye.

Tushenta ɗaya da soka da suka. Mahauci ya soka wuƙa, mai tsire ya soke nama a tsinke, ƙaya ta soki yaro a ƙafa, ɗan adawa ya soki gwamnati, duk dai abu ne mai tsini ke shiga jikin wani abu. Shi ya sa ma a rubuce take rikita mutane, in ka ga an rubuta "gwamna ya soke shi" to ba ka san me ake nufi ba sai ka karanta gaba, zai iya zama kwamishina ya caccaka da magana, zai iya zama aikin kwangila ya kashe, in ma labarin faɗa ne zai iya zama wuƙa. A baki ba a samun wannan matsalar saboda karin sauti yana raba su, soke ta suka murya daga ƙasa take farawa ta hau, soke ta kashe magana kuma daga sama take farawa ta sauko, ko yaro ya ji zai bambance, amma mu a rubutu ba ma sa alamar karin sauti, sai dai mai rubutu ya taimaka ya faɗi abin da aka soke ƙarara. Waccan sunan aikinta suka, wannan kuma sokewa. Ana cewa sokakken zaɓe, sokakkiyar doka, in abin ya yi yawa a ce an sossoke ƙuri'u, in kuma abin ya fi ƙarfin kowa a ce baya sokuwa.

Yadda ni nake ganin alaƙarsu shine alƙalami. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akawu yana duba rajista ya san abin da nake nufi, zai ɗora rula ya ja jan biro ta tsakiyar sunan mutum daga farko har ƙarshe, ya sa hannu a gefe ya rubuta kwanan wata, shikenan suna ya fita daga lissafi, amma fa in ka duba da kyau kana iya karanta shi a ƙarƙashin layin, ba a goge shi ba. Sokewa kenan. Abin ya daina aiki, amma shaidar cewa ya taɓa wanzuwa tana nan, kuma wanda ya ja layin ya bar sa hannunsa.

To inda muke yawan yin ɓarna shine haɗa ta da ɗage. Daren 16 ga Fabrairun 2019 kowa zai iya tunawa, mutane sun taso daga Legas da Abuja da Fatakwal sun zo Azare da Misau da Ningi don su yi zaɓe a gida, wasu har sun ci bashin kuɗin mota, cikin dare kafin asuba INEC ta ce ba za a yi ba sai 23 ga wata. Gari na wayewa abin da ke bakin mutane shine an soke zaɓe. Alhali ba a soke komai ba, ɗagawa aka yi da sati ɗaya, irin yadda aka yi a 2015 da aka matsar daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Wanda aka ce masa an soke zai iya tattara jakarsa ya koma inda ya fito ya cire rai gaba ɗaya, wanda aka ce masa an ɗage zai yi lissafin ko zai iya jira. Ka ga ashe kalma ɗaya tana iya rage ƙuri'a.

Haka shekarar korona, 2020, aka yi ta yaɗa cewa an soke aikin Hajji, har wasu suna ta kuka suna cewa alamar tashin duniya ce. Ba a soke Hajji ba, an yi shi, an tsaya Arfa, abin da Saudiyya ta yi shine ta taƙaita shi ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar, a 2021 ma ta sake taƙaitawa ga mutum dubu 60 na cikin gida. Tafiyar maniyyatanmu ce ta faskara, wannan kam gaskiya ne kuma abin takaici ne ga tsohon da ya shekara goma yana tari, amma a ce an soke rukunin Musulunci ai magana ce babba da bai kamata ta fita daga bakin mutum haka sakaka ba.

Ita ɗage ɗin ma fuska biyu gare ta, akwai ɗage taro zuwa gobe akwai kuma ɗage dokar hana fita ko ɗage takunkumi, kamar yadda aka ɗage haramcin Twitter a Janairun 2022 bayan an rufe ta tun Yunin 2021. Wannan dai ba ya cika rikita mutane.

Dakatar kuwa ita ce wadda masu mulki suka fi so, kuma ita ce muka fi saurin fassara wa kanmu da soke saboda zumuɗi. Abin da aka dakatar yana nan da ransa, an ce ne ya tsaya tukuna. Ku tuna harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari da Babban Banki ya ce a fara cira daga kuɗin da ake turawa, a watan Mayun 2024, mutane suka yi ca, gwamnati ta ce ta dakatar, daga baya bankin ya janye takardar umarnin da ya aika wa bankuna, sai aka yi ta murna ana cewa an soke haraji. Amma takardar umarni daban, dokar da majalisa ta yi daban, janye takarda baya kashe doka, majalisa ce kaɗai zata iya soke ta ko ta gyara, ko kotu ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Wallahi da yawan abubuwan da muke cewa an dawo da su bayan an soke, ba a taɓa soke su ba tun farko, mu ne muka ji dakatar muka rubuta soke. 'Yan jami'a sun fi kowa sanin wannan, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 da ya kwashe wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ɗaliban jami'ar ATBU ta Bauchi na Yelwa da Gubi suna gida har wasu suka kama sana'a, da aka zo ƙarshe a kafafen Hausa cewa aka yi an janye, amma su malaman dakatarwa suka ce sun yi, ma'ana in alkawari bai cika ba za su iya ci gaba daga inda suka tsaya.

Akwai kuma bambancin da ni nake ganin yafi duka muhimmanci, wato waye mai yin aikin. Fasa naka ne, ka yi niyyar zuwa Gombe ka fasa, iyaye sun sa rana sun fasa, abin bai riga ya auku ba kuma a hannunka yake. Janye ma naka ne, kai ka miƙa kai ka jawo abinka, ɗan takara ya janye, mai ƙara ya janye ƙararsa, wanda ya yi ɓaram-ɓarama ya janye kalamansa. Amma soke tana buƙatar iko. Ba za ka soke abin da ba ka da hurumi a kansa ba, sai dai ka yi watsi da shi ko ka ce ba ka yarda ba. Shi ya sa in na ga kanun labari wai ƙungiyar matasa kaza ta soke zaɓen fidda gwani nakan ce ina, ƙungiya dai ta yi Allah wadai, sokewa kuwa ta uwar jam'iyya ce ko kotu. Kuma shi ya sa duk inda ka ji "an soke" to wannan ɗan ƙaramin "an" ɗin shi ne wajen dubawa, don a bayansa mai aikin yake ɓuya, in ba a faɗi sunansa ba ba za ka san ko yana da ikon ba, ba za ka san wa zaka kai ƙara ba.

Mu mutanen Bauchi ba sai an ba mu labari ba, mun gani a 2019. An yi zaɓen gwamna ranar 9 ga Maris, wajen tattara sakamako aka ƙi karɓar na ƙaramar hukumar Tafawa Balewa aka ce an soke shi, aka bayyana zaɓen jiha a matsayin wanda bai kammalu ba, gari ya ɗauki zafi, kowa na riƙe da rediyo. Bayan 'yan kwanaki uwar hukumar ta INEC ta duba lamarin ta ce a'a, a koma a ci gaba da tattara sakamakon Tafawa Balewa, wato dai sokewar ce aka soke. Aka je kotu a Abuja aka samo umarnin tsayar da tattarawar, aka yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Maris a rumfunan da abin ya shafa, daga bisani hanya ta buɗe aka ƙarasa lissafi, Bala Muhammad na PDP ya kada gwamna mai ci Muhammad Abdullahi Abubakar na APC. Ko wane ɓangare kake, abin lura shine duk dambarwar nan a kan tambaya ɗaya ta tsaya, shin wanda ya ce ya soke yana da hurumin yi, kuma ya bi ƙa'ida? Da sokewar farko ta zauna daram, da ƙuri'un dubban mutane sun tashi a banza sai an sake sabon layi.

A kotu kuwa kalmomin sun fi haka yawa kuma 'yan jarida na gaggawa sukan dunƙule su. Kotun sama tana jingine hukuncin ta ƙasa, ko ta tabbatar da shi, ko ta kori ƙarar, ko ta ce a koma a sake shari'a. Kora ƙara ba soke komai ba ne, abin da ke ƙasa yana nan yadda yake. Shari'ar Kano ta nuna wannan ƙarara, a Satumbar 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u sama da dubu 165 na Gwamna Abba Kabir Yusuf ta ce ba shi ya ci ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cire shi a Nuwamba, amma duk tsawon wannan lokaci yana ofis yana aiki saboda sokewar bata zama ta ƙarshe ba, sai 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta jingine hukuncin biyun ta dawo masa da ƙuri'unsa. Wanda ya yi ta rubuta "an soke gwamna" tun Satumba bai fahimci cewa sokewa hawa-hawa ce ba. Kuma ma ba a soke mutum, zaɓensa ake sokewa. Gwamna tsige shi ake yi, sarki a tuɓe shi ko a sauke shi, ma'aikaci a kore shi, majalisar kwamishinoni a rushe ta. A Mayun 2024 majalisar Kano doka ta soke, wadda ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, sokewar dokar ce ta rushe masarautun, rushewar ta sauke sarakunan, aiki uku kenan kowanne da kalmarsa.

Sokewar da ta fi kowacce girma a tarihin ƙasar nan dai ita ce ta zaɓen 12 ga Yunin 1993. An yi zaɓe lafiya tsakanin Moshood Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC, sakamako ya fara fitowa, Abiola na gaba har a Kano mahaifar Tofa, sai ranar 23 ga Yuni gwamnatin Janar Babangida ta ce ta soke. A takarda shikenan an gama, kamar ba a yi ba. Amma me ya biyo baya? Shi Babangidan ya sauka a Agusta, gwamnatin riƙo ta Shonekan bata yi wata uku cikakku ba Abacha ya karɓe a Nuwamba, aka kama Abiola a 1994 ya rasu a tsare a Yulin 1998, zargi da gaba suka shiga tsakanin Kudu maso Yamma da Arewa wanda har yau akwai sauransa, alhali talakan Arewa ya fita ya zaɓi mutumin nan, ba shi ya soke ba. Shekara 25 bayan sokewar, a 2018, Buhari ya maida 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya ya ba Abiola lambar girma mafi daraja ta ƙasa, a 2025 kuma Babangida da kansa ya amsa cewa Abiola ne ya ci. Wannan shine abin da nake so mu gane, soja yana da ƙarfin da zai hana a rantsar da mutum, amma bashi da ikon da zai sa a ce ba a yi zaɓe ba, mutanen da suka tsaya a layi sun san sun tsaya.

Kar kuma wani ya ɗauka ina cewa sokewa mugun abu ne a kanta. A'a. Shugaban da baya iya soke kuskurensa ai ya fi haɗari. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci ya ja hankalinsa cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Mu ne dai muke da saurin cewa wane ya yi amai ya lashe ko da gyara ya yi, sai mai mulki ya gwammace ya dage a kan ɓarna da ya sha gori, ko ya fake da "mun dakatar" don kar a ce ya ja da baya. Inda lashe amai yake da muni na gaske shine kyauta, hadisi ya zo da kakkausar magana a kan wanda ya yi kyauta ya dawo ya karɓe. Abin sha'awa kuma malamanmu in suna bayanin nasikh da mansukh ba sa cewa Allah ya soke aya, cewa suke an shafe hukuncinta, kamar iddar mamaci da ta koma wata huɗu da kwana goma, ko alƙibla da aka juya daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba, ladabi ne kuma daidai ne, don soke a kunnen Bahaushe tana ɗauke da ƙamshin an gano kuskure. A aure ma ba mu cewa miji ya soke saki, kome ya yi in idda bata cika ba, alƙali kuma raba aure yake yi.

Inda kalmar ta fi cizon talaka a garuruwanmu kuwa shine fili, kuma nan ne rashin sanin ma'anarta ke sa a cuci mutane. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin in akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya, irin hanya ko makaranta ko asibiti, ko in ka karya sharuɗɗan da ke cikin takardarka kamar ƙin biyan kuɗin ƙasa. To amma dokar bata ce a soke da baki ba. Sai an rubuta, jami'in da gwamna ya ba izini ya sa hannu, kuma a kai wa mai filin sanarwa, haƙƙinka baya faɗuwa sai sanarwar ta iso ka ko ranar da aka ambata a cikinta ta cika. Wani ya zo da fenti ya zana jan gicciye a katangarka ya ce an soke, wannan ba sokewa ba ce tukuna, ka tambaye shi takarda, ka duba wa ya sa hannu, ka duba dalilin da aka rubuta. Kotuna sun sha rushe irin wannan sokewar saboda ba a ba mai fili sanarwa ba, ko saboda an ce don jama'a aka karɓa sai ga shi an miƙa wa wani mutum ɗaya. In kuma don aikin jama'a aka karɓa da gaske to sashe na 29 ya ce a biya diyya, sai dai a sani diyyar ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, gini da rijiya da itatuwa da amfanin gona, ba ta kuɗin da ka sayi filin ba, shi ya sa mai kango da mai fegi ba komai a kai suka fi kowa kuka in hanya ta biyo ta kansu.

Banki ma haka, ranar 3 ga Yunin 2024 da Babban Banki ya soke lasisin Heritage wasu sun ɗauka kuɗinsu ne aka soke, alhali izinin bankin na yin aiki ne ya mutu, bashin da kake bin sa yana nan, hukumar inshorar ajiya NDIC ce ta karɓi ragamar, tana biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5, wanda nasa ya haura haka kuma sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussukan da yake bin mutane sannan a riƙa biyansa ragowar kaɗan-kaɗan.